Wane akwati zan jona wa talabijin don kallon bidiyoyinmu na gida?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. Ina da had-disk mai tera 1 cike da bidiyoyin gidanmu: bukukuwa, sunaye, walimar saukar yara, tafiyar Hajiyarmu aikin hajji, da wasu tsofaffi da aka kwafo mana daga faifan DVD. Idon Hajiya ya yi rauni, ba ta jin daɗin kallo a waya, so take a riƙa sa mata a talabijin ɗin falo. Na soka had-disk ɗin a bayan talabijin, wasu sun buɗe, wasu ya ce bai san irinsu ba, wasu kuma hoto na tafiya amma shiru babu murya. An ce in sayi ɗan akwatin nan da ake jonawa. Wanne zan saya? Ni ba Netflix nake nema ba, kayanmu na gida kawai.

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ai ba abin dogon tunani ba ne. Akwatin Android za ki saya, irin baƙaƙen nan masu ramin USB biyu ko uku. Suna nan jibge a kasuwa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ki soka had-disk, ki danna, shi ke nan.

Ummi: Anti me zai sa ki kashe kuɗi? Ki tura bidiyon a wayarki ki haska fuskar wayar a talabijin. Mu haka muke yi a gida.

Maman Khalifa: Ummi tera guda fa na ce miki. Wace wayar ce za ta ɗauka? Kuma in na fita unguwa Hajiya ta zauna jiran wayata ke nan?

Baban Zara: Bayan haka ma, haska fuskar waya ba bidiyon ne yake tafiya talabijin kai tsaye ba. Wayar ce take ɗaukar hoton fuskarta, ta sake matse shi, ta aika ta iska. Shi ya sa hoton yake dusashewa, wani lokacin baki ya riga murya. Kuma duk saƙon da ya shigo, kowa a falon sai ya karanta.

Hajiya kafin ki sayi komai, amsa min abu uku. Talabijin ɗin yana da ramin HDMI? Akwai intanet na dindindin a gidan, ko sai an kunna na waya? Sannan ki duba a kwamfuta, waɗanda suka ƙi buɗewa me aka rubuta a ƙarshen sunansu, bayan ɗigon?

Maman Khalifa: Injiniya akwai HDMI guda biyu, ɗaya dikoda ce a ciki. Intanet kuwa sai dai na waya. Na sa Khalifa ya duba, ya ce wasu MOV, wasu MKV, na DVD ɗin kuma VOB. Abin da ya ɗaure min kai, akwai MP4 da ya buɗe, akwai MP4 da ya ƙi.

Baban Zara: Yauwa, nan gizo ke saƙar. MP4 da MKV da MOV kamar kular abinci suke: sunan kular bai gaya miki abin da aka zuba a ciki ba. Abin da talabijin yake kokawa da shi shi ne salon da aka matse hoton da muryar. Akwai H.264, wanda ya fito tun 2003, kusan babu na'urar da ba ta karanta shi. Akwai H.265, ana kuma ce masa HEVC, na 2013, wanda yake rage nauyin fayil sosai amma sai na'urar da aka gina da sanin sa. MP4 ɗinki da ya buɗe H.264 ne a ciki, wanda ya ƙi kuma kusan tabbas HEVC ne. Talabijin ɗin bai lalace ba, ya dai riga salon zuwa duniya, ko kuma kamfanin bai biya kuɗin lasisinsa ba.

Mai Kyamara: Wallahi Injiniya ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu masu ɗaukar biki in mun gama haɗa aiki H.264 muke fitarwa, don kada a kira mu da dare a ce faifai ya ƙi. Matsalar tana zuwa daga guntayen da 'yan uwa suke ɗauka da wayoyinsu. Tun 2017 iPhone take ɗauka da HEVC in ba mutum ya shiga saitin kyamara ya mayar da shi kan Most Compatible ba. MOV ɗin da Hajiya take gani, na rantse na 'yan iPhone ɗin danginsu ne.

Maman Khalifa: Ƙanwata ce kuwa, ita ta raka Hajiya Makka.

Mai Kyamara: To kin gani. Kuma daga iPhone 12 zuwa sama suna ɗauka da HDR, wato salon hoto mai zurfin haske da launi. A talabijin ɗin da bai san HDR ba sai ki ga launi ya koɗe, amarya ta sha lalle da kwalliya amma ta fito fari fat kamar ba ta da lafiya.

Ummi: Kai Oga 😂

Baban Zara: Marasa muryar kuma ki lura, yawanci MKV ne. Muryar cikinsu an matse ta da DTS ko wani salon da talabijin ɗin ba shi da lasisinsa. Ko manyan kamfanoni suna yin haka: Samsung sun daina sa DTS a talabijin ɗinsu tun na 2018. Manhaja irin VLC ko Kodi ita take warware muryar da kanta, ba ruwanta da abin da talabijin ya iya. Saboda haka abin da kike nema a taƙaice shi ne na'urar da za ta ɗauki VLC ko Kodi, tana karanta HEVC da injinta, tana da ramin USB, kuma ba ta dogara da intanet kafin ta yi aiki.

Abu Sadiq: Salam daga Ingila. Ni dai in ana maganar nan ba na ganin na biyun Nvidia Shield TV Pro. Ramin USB 3.0 biyu, ramin wayar intanet, kuma duk abin da ka jefa masa sai ya haɗiye. Na 2019 ne amma har yau ana aiko masa da gyare-gyare. Na sa manhajar Plex mai jera bidiyoyin gida a kai, bidiyoyin yara duk sun jeru da hotunansu da shekarunsu, iyalina suna kallo a talabijin, ni ina kallo a waya ko ina wajen aiki. Hajiya ki daure ki saya sau ɗaya ki huta.

Ɗan Farm Centre: Yallabai gaya mata kuɗinsa mana.

Abu Sadiq: Dala 199 ne a wajen kamfanin.

Ɗan Farm Centre: To a buga da canjin yau, a ɗora kuɗin kawowa. Kuɗin wani talabijin ɗin ne sukutum. Don Hajiya ta kalli ɗawafinta?

Baban Zara: Alhaji Abu Sadiq, Shield na'ura ce ta gaske, ban musa ba. Amma tsarin da kake jin daɗinsa an gina shi ne a kan abu biyu da kake da su can: wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa. Plex sai ka buɗe asusu a wajensu, kuma shiga asusun ta intanet yake bi. In intanet ya yanke, bidiyon yana ɗakinka, talabijin yana ɗakinka, amma manhajar tana iya tsayawa tana neman izini daga Amurka, sai dai in tun farko ka shiga saiti ka ba na'urorin gidanka damar shiga ba tantancewa. Mutum nawa ne suka san da wannan saitin? Sannan tun Afrilun 2025 kallon bidiyonka daga wajen gida ya koma na kuɗi a Plex.

Abu Sadiq: Wannan gaskiya ne, ni na biya na dindindin tun da daɗewa shi ya sa ban ji a jikina ba. Amma kallo a cikin gida har yanzu kyauta ne.

Baban Zara: Haka ne. Wanda yake son irin wannan jeren mai kyau ba tare da asusun kowa ba, akwai Jellyfin. Daga wata manhaja mai suna Emby aka tsage shi a 2018, kyauta ne, komai a gidanka yake. Sai dai shi ma yana buƙatar kwamfutar da za ta zauna a kunne a matsayin uwar garke. Gidan da ake lissafin batirin sola da daddare, wa zai bar kwamfuta a kunne don bidiyon suna? Talabijin ɗaya, mai kallo ɗaya, had-disk ɗaya: ba a buƙatar uwar garke a nan.

Anti Bilki: Ni Fire Stick ɗana ya aiko min. Ba zai yi mata ba?

Baban Zara: Anti Bilki Fire Stick don kallon intanet aka yi shi. Rami ɗaya gare shi, na caja. Kafin ki jona filash sai kin nemo wayar OTG mai rassa, kuma ko kin jona, ya fi ganewa da filash mai tsarin FAT32. Shi kuma FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4.

Mai Kyamara: Giga 4 kuwa a aikinmu ba komai ba ne. iPhone da kanta ta rubuta a saitinta cewa minti ɗaya na 4K mai firam 60 yana cin wajen mega 400. Minti 10 ke nan kin cika giga 4. Kamu kaɗai ya fi haka, balle wuni da dina.

Baban Zara: Sannan sai an buɗe asusun Amazon kafin ya tashi. Wani abin lura kuma, a 2025 sun fitar da Fire TV Stick 4K Select wanda ba Android ba ne a cikinsa, wani tsari ne nasu mai suna Vega, ba a iya ɗora masa manhajojin Android daga waje yadda aka saba. Wanda zai saya don Kodi ya duba kwalin da kyau. Chromecast ma kusan labarin ɗaya ne wajen rami, kuma Google sun daina ƙera shi a 2024, suka kawo Google TV Streamer na dala 99. Apple TV kuwa babu inda za ki soka had-disk sam.

Ɗan Farm Centre: Kun gani ko? An zaga an zaga an dawo kan maganata. Baƙin akwatin nan dai. USB har uku, wasu ma da ramin AV na wayar ja da fari da rawaya don tsohon talabijin.

Baban Zara: Ramukan kam akwai su. Abin da yake ciki ne damuwata.

Ɗan Farm Centre: Me ke ciki Injiniya? Kullum ana sayarwa, ba wanda ya dawo ya ce ya cije shi.

Baban Zara: Ba zai dawo ba don ba zai sani ba. A farkon 2023 wani mai bincike ya gano cewa akwatin T95 da ya saya ya zo da manhajar ɓarna tun daga kwali, ba wai shi ya ɗauko ta ba. Daga baya masana tsaro suka gano abin ya game na'urori masu yawa marasa rajista, suka sa masa suna BADBOX. A Disambar 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta katse hanyar wasu na'urori kusan 30,000 da suka kamu a ƙasar. A Yunin 2025 FBI ta fitar da gargaɗi a kan zubi na biyu, wata guda bayan nan Google ta shigar da ƙara tana cewa na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10. Aikin manhajar shi ne ta riƙa danna tallace-tallace a ɓoye, ta kuma mayar da intanet ɗin gidanka hanyar da wasu za su bi su yi ta'asarsu da adireshinka. A wajenmu da ake sayen data da awo, ka ga wanda zai biya kuɗin.

Ɗan Farm Centre: Ba duka ba ne dai. Kada a ɓata mana kasuwa.

Baban Zara: Ban ce duka ba. Na ce mai saye ba shi da hanyar bambancewa da ido.

Malam Na Damagaram: Ku yi haƙuri in sa baki. Hajiya ta ce babu intanet a gidan. In akwatin bai taɓa hawa intanet ba, ta ina ɓarawon zai shigo?

Ɗan Farm Centre: Allah ya biya ka Malam!

Baban Zara: Malam ka yi gaskiya, in ba a taɓa jona shi ba, kuma ba a sa masa asusun Google ba, wannan haɗarin ya ragu ƙwarai. Sai dai gidan akwai Khalifa. Ka ba shi mako guda, za ka tarar ya kunna intanet ɗin waya ya jona don kallon ƙwallo.

Maman Khalifa: Mako guda ma ka yi masa adalci.

Mai Kyamara: Ni abin da ya raba ni da irinsu daban ne. Na taɓa sayen wani, a kwali an rubuta ƙwaƙwalwa giga 4, ma'aji giga 64, har da 8K da manyan baƙaƙe. Ko saitin cikinsa haka yake nunawa. Da na sa masa aikin 4K sai ya riƙa tsalle yana tsayawa, jikinsa ya yi zafi rau. Wani yaro mai gyara ya buɗe shi, ashe rubutun ne kawai aka gyara, kayan ciki ba su kai rabin haka ba.

Ɗan Farm Centre: Wannan kam yana faruwa, ba zan ɓoye ba. Akwai mai kyau akwai na banza, kuma kwalinsu iri ɗaya. Ni in mutumina ne nakan ce ya zo da filash ɗinsa a gwada a gabansa.

Baban Zara: To a nan mun haɗu, kuma ita ce shawarar da ta fi duk wadda aka bayar yau. Hajiya ki kwafi fayil huɗu ko biyar cikin waɗanda suka fi taurin kai: MOV na Makka, MKV marar murya, VOB guda, da wanda ya fi kowanne nauyi. Ki tafi da had-disk ɗin kansa shago. Duk akwatin da bai buɗe su a gabanki ba, ki bar musu kayansu. Kada ki tsaya kan buɗewa kawai, ki sa a tura bidiyon gaba zuwa tsakiya, a nan raunin na'ura yake fitowa.

Wajen zaɓi kuma ni na fi natsuwa da masu rajistar Google, waɗanda aka rubuta Android TV ko Google TV a jikinsu, ba "Android" kawai ba. Xiaomi TV Box S misali ne, yana da ramin USB guda ɗaya, kuma kuɗinsa bai kusanci na Shield ba. Akwai wasu kamfanonin ma. In an kunna, a shiga Play Store, a duba saiti, zai nuna ko na'urar tana da shaidar Play Protect. Intanet sau ɗaya za ki buƙata, ranar saitawa da sauke VLC. Bayan nan ko babu zai yi aikinsa.

Abu Sadiq: Amma ramin Xiaomi USB 2.0 ne fa. Zai ja 4K?

Baban Zara: Zai ja. Mega 400 a minti bai fi megabit 50 da 'yan kai a daƙiƙa ba, USB 2.0 kuwa ko a aikace ya ninka haka sau da yawa. Inda yake gazawa wajen wuta ne, ba gudu ba.

Malam Na Damagaram: Ita ce maganar da nake son kawowa. Mu nan da yawa dikodar tauraron ɗan'adam muke sokawa filash, irin su Strong, tunda tana da ramin USB kuma tana buɗe bidiyo daidai gwargwado. Hajiya ma ta gwada tata kafin ta fita kasuwa, wataƙila ta rage mata hanya. Amma da na soka babban had-disk sai na ji yana ƙyas-ƙyas, fitilarsa na kamawa tana ɗaukewa. Na ɗauka ya mutu.

Baban Zara: Yunwar wuta ce Malam. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 aka tsara ya bayar, na 3.0 kuma 900. Had-disk mai faifai a ciki yana jan wuta sosai lokacin da zai fara juyawa. In bai samu ba sai ya yi ta yunƙuri yana faɗuwa, kuma wannan yana lahanta shi. Maganinsa a sayi mahaɗar USB mai cajarta daban, a soka had-disk a jikinta. Wasu talabijin kuma suna da rami guda da aka rubuta HDD a gefensa, shi ya fi ba da wuta. Filash da SSD ba su cika wannan fitinar ba.

Malam Na Damagaram: Kuma ga ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Ana cikin kallo a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi.

Baban Zara: Shi ya sa zan faɗi abin da ba a tambaye ni ba. Hajiya, bidiyoyin nan suna da kwafi a wani wuri?

Maman Khalifa: Babu fa. Nan kaɗai suke.

Baban Zara: To kafin akwati, wannan ne gaba. Had-disk ɗin da zai zauna a bayan talabijin, yara na ja, wuta na ɗaukewa, ba shi ne ma'ajin asali ba. Ki samu na biyu ki kwafe, ki ajiye ɗaya a durowa. In kuɗi bai kai ba, ki sayi filash mai giga 128 ki zuba wa Hajiya waɗanda ta fi so, babban ya koma ɗaki.

Sannan ki ja kunnen duk wanda zai taɓa rimot: in aka soka had-disk, akwatin Android yakan tambaya ko a mayar da shi ma'ajin na'ura. Duk wanda ya danna eh, an yi masa fomat, komai ya tafi. A zaɓi a bar shi a matsayin ma'ajin da ake cirewa. In aka ga kalmar Format ko Erase a fuskar talabijin, a ja da baya.

Anti Bilki: Innalillahi. Haka aka yi wa maƙwabciyata da hotunan aurenta.

Kawu Admin: Wannan saƙon na Injiniya zan maƙala shi a saman zaure. Ku ci gaba.

Ɗalibin BUK: Ni ina da wata hanyar da ba a sayen komai. A sauke HandBrake a kwamfuta, kyauta ne, a juya duk masu taurin kan zuwa MP4 mai H.264 da muryar AAC. Talabijin ɗin da take da shi zai buɗe su da kansa, da rimot ɗin da Hajiya ta riga ta saba da shi.

Abu Sadiq: Tera guda? Ƙanina sai ka gama digiri ba a gama ba.

Ɗalibin BUK: Ba duka ba ne Yaya, waɗanda suka ƙi ne kawai. Ana jera su a layi a bar kwamfuta ta yi ta yi.

Baban Zara: Shawara ce mai kyau in fayilolin ba su da yawa, kuma maganar rimot ɗin da ka kawo ba ƙarama ba ce. Dattijuwa da rimot biyu, wannan na canja HDMI, wancan na zaɓen bidiyo, abin yakan gundure ta ta haƙura. Illarsa biyu: duk juyawa tana ɗan rage kyan hoto, don haka kada a goge na asali, kuma gobe ƙanwar Maman Khalifa za ta sake turo sababbi, a koma gidan jiya. Akwati kuwa an gama da matsalar gaba ɗaya. Rimot biyun ma akwai dabara: a kunna HDMI-CEC a talabijin da akwatin, sai rimot ɗaya ya riƙa kunna su tare. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi, Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync.

Ummi: To tsohuwar laftof fa da wayar HDMI? VLC na ciki ai ba abin da ba ya buɗewa.

Baban Zara: Tana yi sarai, in akwai mai zama kusa da ita. Amma ɗan akwatin wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila mai kyau ba, laftof kuwa ta ninka shi, kuma ba Hajiya ce za ta riƙa laluben linzami ba.

Mai Kyamara: Tunda an zo nan, roƙo ɗaya gare ni ga jama'a. In za ku tura wa 'yan uwa bidiyon biki ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin Document, yana ɗaukar har giga 2. In kuka tura ta hanyar da aka saba, matse shi yake yi. A waya ba a gani, amma ranar da aka sa a talabijin mai inci 50 sai fuskoki su zama dabbare-dabbare, a ce mai kyamara bai iya aiki ba.

Ɗalibin BUK: Tambaya a gefe Injiniya. Na rubuta fassarar Hausa a fayil ɗin SRT don wani wa'azin Larabci, amma a talabijin ƙ da ɗ da ɓ duk sun zama akwatuna.

Baban Zara: Ka adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, ka ba shi suna iri ɗaya da na bidiyon, su zauna a folda ɗaya. In har yanzu akwatuna ne, to salon rubutun talabijin ɗin ne ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. A Kodi kana iya canja salon rubutun fassarar zuwa wanda yake da su.

Abu Sadiq: VLC ko Kodi, wanne za ta sa? Ni Kodi na fi so, ya fi kyan jeri.

Baban Zara: Don Hajiya VLC. Folda ce kawai take bayyana, ki shiga ki danna. Kodi ya fi ƙarfi amma saitinsa da yawa, in yaro ya taɓa wani wuri sai an nemo mai gyara. Abin da zai taimaka mata ya fi kowace manhaja shi ne a gyara sunayen. A bar IMG_4417, a rubuta "2019 Hajji Arfa", "2021 Sunan Khalifa ƙarami". In aka fara da shekara, da kansu za su jeru.

Maman Khalifa: Jama'a na dawo da rahoto. Dikodarmu ta buɗe wasu amma ta ƙi na Makka, don haka na shiga kasuwa da had-disk ɗina a jaka. Shagon farko akwatinsu ya buɗe MOV amma da aka tura gaba sai ya sandare. Na biyu na samu mai Google TV, aka sa VLC a gabana, duk biyar ɗin suka buɗe har da muryar MKV. Na haɗa da mahaɗar USB mai caja kamar yadda Injiniya ya ce. Kwafin kuma Khalifa yana kan yi a kwamfutar babansa. Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura abu biyu: wasu bidiyon waya suna fitowa tsaye da baƙi a gefe da gefe, na DVD kuma biki ɗaya ya rabu gida huɗu, sai an tashi an danna na gaba.

Ɗan Farm Centre: Allah ya sa albarka Hajiya, ko da ba a wajena aka saya ba.

Mai Kyamara: Na tsayen ba gyara, haka aka riƙe wayar. Kada ki bari a ja shi ya cika fuska, mutane za su zama gajeru masu faɗi.

Baban Zara: Na DVD kuma haka tsarinsa yake, ana yanka VOB ne kusan giga ɗaya-ɗaya. Ki ba Ɗalibin BUK aikin: ya buɗe foldar VIDEO_TS gaba ɗayanta a MakeMKV, zai haɗe su fayil guda ba tare da ya rage kyan hoton ba. In folda ce babu ƙananan fayilolin IFO a ciki, sai ya haɗa su da MKVToolNix bi da bi.

Ɗalibin BUK: Anti ki aiko Khalifa da shi ranar Asabar bayan la'asar, amma kwafin za a kawo, ba na asalin ba.